Haya, ruwa da takardar fili: lissafin zama a unguwar Gurugu ta Tamale

Wanda ya yi shekara goma sha biyar rabonsa da Tamale, in ya dawo yau ya kama hanyar Kumbungu, da wuya ya gane inda birni ya tsaya ƙauye ya fara. Gurugu, wadda ke arewa maso yammacin tsakiyar garin, kusa da Choggu da Jisonayili da Katariga, a da ƙauyen Dagombawa manoma ce, mai zagayayyun ɗakunan ƙasa da jinkar ciyawa. Yanzu gidajen bulo da kwano sun kewaye tsofaffin gidajen. Ga shaguna da masallatai da makarantun kuɗi, ga kangwaye da tulin yashi a wuraren da ake noman masara da gyaɗa a shekarun baya.

Ɗan zangon da gidan gado ya yi wa kaɗan, da ɗan kasuwar da ya zo daga Nijar ko Burkina Faso ko Togo ko Najeriya yana son ajiye iyali, duk irin waɗannan unguwanni na bakin gari ne dillali zai fara nuna musu. Abin da ke jan mutane shi ne arha da sarari. Haya a nan ba ta kai ta Akra ko Kumasi ba, kuma mai ɗan ƙarfi na iya fatan mallakar fili. Sai dai kuɗin wata da mai gida ke faɗa kashi ɗaya ne kawai na lissafin. Akwai kuɗin gaba da ake biya a dunƙule, akwai ruwa, akwai zirga-zirga, ga mai sayen fili kuma akwai batun takarda. Wanda bai haɗa su duka ba kafin ya ba da kuɗinsa, jarinsa ne zai ji a jikinsa.

Yankin da ya ninka cikin shekara 11

Ta fuskar mulki Gurugu tana ƙarƙashin ƙaramar hukumar Sagnarigu, wadda aka yanke daga jikin Tamale a 2012. Wannan na da muhimmanci ga mai gini, domin a majalisar Sagnarigu ake neman izinin gini, can kuma ake biyan harajin gida. Ƙidayar jama'a ta 2010 ta samu mutum 148,099 a yankin. Da aka sake ƙidaya a 2021 adadin ya kai 341,711, wato ya ninka har da ɗoriya. In aka haɗa da mutum 374,744 da aka ƙidaya a cikin Tamale kanta, birnin da kewayensa sun haura mutum 700,000.

Dalilan a fili suke. Tun 1907, lokacin da Turawan Ingila suka ɗauke hedikwatar mulkin arewa daga Gambaga suka kawo ta nan, Tamale ce cibiyar ma'aikatun gwamnati a arewacin ƙasar. Babbar hanyar da ta tashi daga Kumasi zuwa Paga, kan iyakar Burkina Faso, ta ratsa tsakiyar garin. Akwai jami'ar UDS da aka kafa a 1992, da asibitin koyarwa, da jami'ar fasaha, da kwalejojin horon malamai, da ofisoshin ƙungiyoyin agaji masu yawa. Tun 2016 maniyyata ke tashi zuwa Saudiyya kai tsaye daga filin jirgin saman garin. Ga kuma matasan karkara da ke shigowa cin rani, wasunsu ba sa komawa.

Hausawa ba baƙin jiya ba ne a wannan ƙasa. Fataucin goro na Gwanja ne ya kawo kakanninsu Salaga. Yaƙin basasar da ya tarwatsa Salaga a 1892 ya watsa fatake zuwa garuruwa irin su Kete-Krachi da Yendi da Kumasi, daga baya Tamale ta samu nata kason. Sunayen unguwanni kamar Hausa Zongo da Sabonjida shaida ne. Amma gidan da kaka ya gina a zango yau jikoki da tattaɓa-kunne ke cikinsa, kuma rabon gado kan bar mutum da ɗaki guda. Saurayin da zai yi aure dole ya duba waje. Matsalar ta game ƙasa baki ɗaya: bayan ƙidayar 2021 hukumomi sun ƙiyasta cewa Ghana na da giɓin gidaje kusan miliyan 1.8.

Kuɗin gaba, katangar farko

Ɗakunan hayar da aka fi samu iri uku ne. Akwai ɗaki ɗaya a gidan haɗaka, irin wanda a Yamai ko Kwatano ake kira antire-kushe, inda ake tarayya a tsakar gida da makewayi da famfo. Akwai ciki da falo. Sai kuma mai ban-ɗaki da kicin a cikinsa, wanda shi aka fi ginawa a sababbin unguwanni saboda ma'aikata da ɗalibai shi suke nema. Farashi na hawa da sauka gwargwadon kusancin gida da kwalta, da samuwar ruwa, da ko ɗakin na da mitar wuta ta kansa.

Dokar haya ta Ghana mai lamba 220, ta shekarar 1963, ta hana mai gida karɓar kuɗin gaba da ya wuce na wata shida. A aikace kuwa, abin da ake nema shi ne na shekara ɗaya ko biyu a dunƙule. Wannan na ba wanda ya saba da ƙasashen sefa mamaki. A Kodebuwa, alal misali, doka ta tsaida abin da ake biya kafin shiga gida a kan hayar wata biyu da kuɗin ajiya na wata biyu, daga nan sai biyan wata-wata.

A ɗauki misali don a ga nauyin abin. A ce ɗaki sidi 300 ne a wata, mai gida kuma ya ce sai an biya na shekara biyu. Sidi 7,200 ke nan. Dillalai da yawa na neman kashi 10 cikin 100, wato ƙarin sidi 720. Kafin a shimfiɗa tabarma an fitar da sidi 7,920. Mafi ƙarancin albashin da aka tsaida a 2025 sidi 19.97 ne a rana, kusan sidi 540 a wata. Mai wannan albashi sai ya tara na sama da wata 14 bai ci bai sha ba. Ga ɗan tireda ko mai sayar da albasa kuwa, wannan kuɗi daga cikin jari zai fita, kuma ba zai juya ba har wa'adi ya cika.

Masu gidaje na da nasu hanzarin. Bashin gina gida daga banki ya fi ƙarfin talaka. A tsakiyar 2023 babban bankin Ghana ya kai kuɗin ruwansa kashi 30 cikin 100, bankunan kasuwa kuma sama da haka suke ba da rance. Don haka mafi yawan gidaje da kaɗan-kaɗan ake gina su, bana tushe, baɗi bango, wata shekarar rufi. Kuɗin gaban ɗan haya shi ke sa ƙofa da taga, ko ya tada ɗaki na gaba. A taƙaice ɗan haya ya zama mai ba mai gida rance ba tare da riba ba. Tsarin na da ɗan amfani guda ga ɗan haya: wanda ya biya shekara biyu a farkon 2022 ya tsira daga ƙarin haya a daidai lokacin da hauhawar farashi ta kai kashi 54.1 cikin 100 a watan Disamban shekarar. Amma ranar sabunta yarjejeniya mai gida kan fanshe.

A watan Janairun 2023 gwamnati ta ƙaddamar da shirin tallafin haya, inda ake biya wa mutum kuɗin gaba kai tsaye ga mai gida, shi kuma ya riƙa biya wata-wata. Yankin Arewa na cikin yankunan da aka fara da su. Sai dai shirin na ƴan ƙasa ne masu katin shaida da hanyar samun kuɗi da za a iya tabbatarwa, abin da ke barin baƙi da yawancin masu ƙananan sana'o'i a waje. Su adashi suka dogara da shi, wanda a Ghana ake kira susu, ko taimakon dangi. Ga ɗan ƙasa da baƙo duka, ofishin kula da haya na gwamnati na sauraron ƙorafi tsakanin mai gida da ɗan haya, amma abin da zai fara tambaya shi ne rubutacciyar yarjejeniya da rasit. Kuɗin shekara biyu da aka miƙa da fatar baki kawai, don kunya ko don mai gidan dattijo ne, yana da wuyar karewa ranar da aka samu saɓani.

Ruwa, hayar da ba a rubuta ba

Babu abin da ke raba gida mai arha da mai tsada a Tamale kamar ruwa. Ruwan famfon garin daga kogin Farin Volta yake fitowa, wanda a Burkina Faso ake kira Nakambe. Ana jawo shi a Nawuni, a tace shi a Dalun cikin gundumar Kumbungu, sannan a turo shi birni. Rabon da a yi wa matatar babban faɗaɗawa tun 2008, lokacin da jama'ar garin ba su kai na yanzu ba ko kusa. Saboda haka kamfanin ruwa rabawa yake yi unguwa-unguwa, kuma gidajen da ke kan tudu ko a ƙarshen bututu kan yi kwanaki, wani lokaci makonni, famfo bai ɗiga ba. Haƙar yashi a bakin kogin don gine-gine na ƙara dagula ruwan. Idan aka buɗe madatsar Bagre ta Burkina Faso wajen watan Agusta ko Satumba, ambaliya da laka kan rage aikin matatar.

A 2020 shugaban ƙasa na lokacin, Nana Akufo-Addo, ya aza harsashin wani sabon aikin ruwa na sama da dala miliyan 200, wanda zai jawo ruwa daga Yapei ya samar da mita-kubik 135,000 a rana. Aikin ya tsaya cak bayan ƙasar ta shiga matsalar bashi.

Wanda ya zo daga Maradi ko Katsina zai ce sai a haƙa rijiyar burtsatse. A nan ƙasar ba ta ba da haɗin kai. Duwatsun da ke ƙarƙashin Tamale irin masu matsattsen jiki ne da ba sa riƙe ruwa sosai, don haka sau da yawa a kan haƙa a tarar da ruwa kaɗan, ko mai gishiri, ko babu sam. Abin da ya rage shi ne tankokin ajiya, da motocin tanka, da masu kawo ruwa a keke mai ƙafa uku, da tafkunan da aka haƙa waɗanda ke ƙafewa kafin ƙarshen rani. Jarkokin nan rawaya da ƴan Ghana suka laƙaba wa sunan tsohon shugaba Kufuor sun zama kayan ɗakin kowane gida.

Nan ma lissafi na taimakawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗauki lita 20 a rana a matsayin mafi ƙarancin abin da mutum ɗaya ke buƙata. Gida mai mutum shida na buƙatar lita 120, kusan jarka biyar masu lita 25. In a ce kowace jarka sidi 2 ce, sidi 10 ke nan a rana, 300 a wata, daidai da hayar ɗakin da muka yi misali da shi. Ba a ma sa ruwan leda na sha ba. Wahalar ɗauko ruwan kuma kan mata da yara take faɗawa, wasu kan makara zuwa makaranta saboda layin famfo. Gidan da ke da babban tanki, a layin da ruwa ke zuwa a kai a kai, ko da hayarsa ta fi tsada, yana iya fin wanda ba shi da su sauƙi a ƙarshen wata.

Zafi, wuta da makewayi

Tamale damina ɗaya take yi, daga wajen Mayu zuwa Oktoba. Hunturu na zuwa daga Disamba, sannan bazara ta kankama daga Fabrairu zuwa Afrilu, lokacin da zafi kan kai digiri 40. Ɗakin ƙasa mai jinka na Dagombawa na riƙe sanyi. Ɗakin bulo mai kwano ba silin, da taga guda ƙarama, tanda ne a watan Maris. Lokacin ne kuma ake fargabar sanƙarau, wanda cunkoso a ɗaki marar iska ke taimaka wa yaɗuwa. Silin, da tagogi masu kallon juna, da bishiya a tsakar gida, abubuwa ne da ya kamata a duba kafin fentin bango. Guguwar farkon damina ma kan yaye kwanon da ba a ɗaure da kyau ba.

Kamfanin NEDCo ne ke raba wuta a arewacin Ghana, hukumar PURC kuma ke tsaida farashi. Gidaje da yawa na amfani da mita mai kati. Rigimar da aka fi yi a gidan haɗaka ita ce ta mita ɗaya ga ɗakuna da yawa, inda mai ƙwan fitila biyu da mai firji da dutsen guga ke jayayya kan rabon kuɗi. Samun mita ta kanka kan ɗauki lokaci, don haka gara a san matsayin ɗaki tun kafin biya.

Batun makewayi ba abin jin kunyar tambaya ba ne. Ƙidayar 2021 ta nuna fiye da rabin gidaje a Yankin Arewa ba su da shi. A bakin gari, inda daji ke ƙarewa gidaje na matsowa, gidan da ba shi da makewayi na nufin biyan kuɗin na jama'a kullum, da fitar mata da dare. Haka nan magudanan ruwa ba su bi gine-gine ba. Wasu filayen a kan hanyar ruwa aka yanka su, kuma ba a gane haka sai ruwan Agusta ya sauka.

Hanya da cefane

Tamale garin babur ne da keke, maza da mata duk suna hawa. Sufurin haya kuwa ya koma hannun keke mai ƙafa uku, irin adaidaita-sahun Kano, wanda a nan ake kira yelo-yelo. Gadar sama da aka buɗe a tsakiyar gari a watan Maris na 2022 ta sauya fuskar birnin, amma yawancin layukan cikin sababbin unguwanni har yanzu jar ƙasa ce, ƙura da rani, taɓo da damina. Mai gida a bakin kwalta hawa ɗaya zai yi zuwa kasuwar Aboabo. Wanda ke can ciki sai ya taka, ko ya biya a shiga da shi. In a ce zuwa sidi 5 ne dawowa 5, kuma mutum biyu ke fita kullum, kwana 26 sun ci sidi 520. Shi ya sa iyalai da yawa ke ɗaukar sayen babur a matsayin wani ɓangare na kuɗin ƙaura.

Ta fuskar abinci Tamale na da sa'a, domin tana tsakiyar ƙasar noma. Masara da shinkafa da doya da gyaɗa da waken suya da kaɗanya da zabi duk daga ƙauyukan kewaye suke shigowa, kuma kasuwannin ƙasar Dagbon na ci ne duk bayan kwana shida. Mai ɗan wurin ajiya da ya sayi buhu da kaka zai ji sauƙi da bazara. Bahaushe ba zai yi baƙunta a kan akushi ba: tuwon zafi, da shinkafa da wake da ƴan Ghana ke kira wace, da koko da ƙosai, duk da sunayensu na Hausa ake sayar da su.

Amma kasuwar na jin abin da ke faruwa a sama da kuma a kan iyaka. Farin da aka yi a tsakiyar daminar 2024 ya ƙone gonaki a arewa, har gwamnati ta hana fitar da masara da shinkafa da waken suya a watan Agusta. Albasa kuwa yawancinta daga Nijar take zuwa, tumatir daga Burkina Faso. Da aka rufe iyakoki bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, farashin albasa ya yi tashin gwauron zabi a kasuwannin Ghana.

Sidi da sefa

Wanda ke samun kuɗinsa da sefa ko naira yana kashewa da sidi, akwai wani lissafin da ke kansa. Sefa a ɗaure take da yuro, 655.957 a kan yuro ɗaya. Sidi kuwa yawo yake yi. A farkon 2022 dala ɗaya kusan sidi 6 ce, kafin ƙarshen shekarar ta haura 13. A lokacin mai riƙe da sefa gani yake komai ya yi arha a Tamale. A 2025 lamarin ya juya: sidi ya farfaɗo daga kusan 15 a kan dala zuwa tsakanin 10 da 11 a tsakiyar shekara, hauhawar farashi kuma ta sauko ƙasa da kashi 10 cikin 100. Saukar hauhawa na nufin farashi ya rage gudu ne, hayar da aka riga aka ƙara ba ta komawa baya. Ɗan kasuwar da ya biya kuɗin gaba lokacin da sidi ke ƙasa, zai tarar da sabuntawa ta fi cin sefa, ko da mai gida bai ƙara ko kwabo ba.

Sayen fili: buzu, goro da takarda

Burin mafi yawan ƴan haya shi ne su samu fili su huta. A kudancin Ghana sarki kan zauna a kujera, a arewa a kan buzu, shi ya sa doka ke kiran ƙasar sarauta a nan ƙasar buzu. Tsarin mulkin 1979 ne ya mayar da filayen arewa daga hannun gwamnati zuwa ga masu su na gargajiya, na 1992 ya tabbatar. A ƙasar Dagbon sarakuna ke riƙe da ƙasa amana, daga sarkin ƙauye zuwa manya irin su Sagnar-Naa da Gulkpe-Naa, har zuwa Ya-Na a Yendi. Abin da ake biya har yau sunansa kuɗin goro, duk da cewa ya daɗe da zama farashin kasuwa.

Abu na farko da ya kamata mai saye ya sani shi ne ba a sayar da ƙasar buzu har abada. Haya ce ta dogon lokaci. Ɗan ƙasa kan samu shekara 99 don gidan zama. Wanda ba ɗan Ghana ba, tsarin mulki ya tsaida masa shekara 50 a lokaci guda, kuma dokar filaye ta 2020 mai lamba 1036 ta maimaita haka. Akwai kuma kuɗin ƙasa na shekara-shekara da ofishin kula da filayen sarauta ke karɓa.

Takardar da fadar sarki ke bayarwa matakin farko ce. Bayanta sai taswirar fili daga mai awo da ke da lasisi, da bincike a Hukumar Filaye don a tabbatar ba a riga an yi wa wani rajista ba kuma ba wurin makaranta ko hanya ba ne a tsarin gari, sannan yarjejeniyar haya da rajistarta, sannan izinin gini daga majalisa. Sayar da fili ɗaya ga mutum biyu ko uku na cikin rigingimun da suka fi kai mutane kotu a Ghana. Wanda ke zaune a wata ƙasa ya fi shiga haɗari, domin takardun fada kan zo da sharaɗin a fara gini cikin ƴan shekaru, in ba haka ba a karɓe. Masu aiko da kuɗi daga Lome ko Abijan ko Turai a saya musu su ajiye, su tabbatar akwai mai zuwa yana dubawa, kuma sunansu ne a takardar. Sa sunan wani ɗan ƙasa don kauce wa iyakar shekara 50 kan zama rigimar gado bayan rasuwarsa.

Yana da kyau sabon zuwa ya tuna cewa filin da ya samu gonar wani ce a jiya. Iyalan Dagombawa da yawa a kewayen Tamale sun rasa gonakinsu sakamakon yankan filaye, wasu sai sun yi tafiya mai nisa kafin su yi noma. Gaisuwar fada da ta liman, da halartar suna da jana'iza, da koyon gaisuwa da harshen Dagbani, suna tsare gida fiye da doguwar katanga.

Takardun zama, makaranta da asibiti

Yarjejeniyar CEDEAO ta 1979 ta ba ƴan ƙasashen ƙungiyar damar shiga su zauna kwana 90 ba biza. Wanda zai daɗe yana buƙatar izinin zama da katin shaidar baƙi, wanda ake yanka a kan dala 120 ana sabuntawa duk shekara, kuma da shi ake buɗe asusun banki da rajistar layin waya. Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ƙungiyar ranar 29 ga Janairun 2025, amma CEDEAO ta ce a ci gaba da karɓar takardun ƴan ƙasashen uku da barin su zirga-zirga har sai an sanar da wani sabon tsari. Dattawan zango ba su manta da dokar korar baƙi ta 1969 ba, lokacin da mutane suka bar gidaje da dukiya cikin makonni. Darasin da suka ɗauka shi ne a yi wa yaro takardar haihuwa da wuri, a kuma adana takardun gida.

Inshorar lafiya ta ƙasa da aka kafa a 2003 na rage kuɗin asibiti ga wanda ya yi rajista, kuma an ɗauke wa yara ƴan ƙasa da shekara 18 da mata masu ciki kuɗin shekara. Manyan asibitoci a cikin gari suke, don haka gida mai mai juna biyu ko tsoho na buƙatar abin hawa da lambar direban da zai amsa waya da dare. Karatun sakandare na gwamnati kyauta ne tun 2017, kuma akwai makarantun da suka haɗa boko da Arabiyya, irin su Anbariya da Afa Ajura ya kafa. Da Turancin Ingilishi ake koyarwa, don haka yaron da ya fara lakwal da Faransanci a Nijar ko Togo kan buƙaci lokaci kafin ya kamo ƴan ajinsa.

Abin da ake bari a zango

Akwai wani abu da ba ya shiga rasit. A zango baƙo kan sauka wajen mai masauki, ya samu ɗaki da abinci da wanda zai tsaya masa a kasuwa. Sarkin zango da liman na sasanta rigima kafin ta kai ofishin ƴan sanda. Mace na iya barin yara wajen maƙwabta ta je kasuwa, mai dafa abincin sayarwa kuma tana da masu saye a ƙofar gida. Wanda ya koma Gurugu zai samu iska da fili da kwanciyar hankali, yara su samu wurin wasa, amma zai fara gina wannan zumunci daga tushe, cikin maƙwabta Dagombawa da ma'aikata daga sassan Ghana daban-daban. Ga mai albashi da babur, musanyar kan yi riba. Ga wanda sana'arsa ke ɗaure da cunkoson kasuwa, sai ya auna da kyau.

Matambayi ba ya ɓata. Kafin a miƙa kuɗin gaba, a tambayi matan da ke cikin gidan, ba dillali kaɗai ba, yaushe rabon famfo da kawo ruwa, kuma nawa ake sayen jarka da rani. A duba mitar wuta da makewayi da silin. A nemi ragin wa'adi zuwa shekara ɗaya ko wata shida kamar yadda doka ta ce, a rubuta wanda zai yi gyara da abin da za a mayar in mutum ya tashi kafin lokaci, shaidu biyu su sa hannu. Mai sayen fili kuwa kada ya cika kuɗi sai sakamakon binciken Hukumar Filaye ya fito. In da hali, a je a ga wurin sau biyu: a watan Maris, lokacin da zafi da ƙarancin ruwa suka kai maƙura, da kuma watan Agusta, washegarin ruwa mai ƙarfi.